A Fara Tsayar Da Jini Kafin A Nemi Takarda

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a unguwannin 'yan Arewa da ke garuruwan Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba da Obalende a Ikko, har Sabo ta Badun da ta Shagamu, da zangunan shanu da kasuwannin albasa na Anacha da Aba da Fatakwal, wai duk wanda harsashi ya sama kada a kai shi asibiti sai da takardar 'yan sanda a hannu. Maganar ta zauna a zukatan jama'a har ta zama kamar doka, tsohon zama yana gaya wa baƙo tun ranar da ya sauka daga mota. To, ya kamata kowa ya sani babu wannan doka a Nijeriya yau, kuma ko a da ma ba a taɓa rubuta ta haka ba. Duk da haka ta ci rayuka masu yawa, kuma waɗanda take saurin ci su ne yara ƙanana, saboda wani dalili da ke cikin halittar jikinsu.

Likitoci suna lissafin jinin yaro ne bisa nauyinsa. Kowane kilo ɗaya na jikinsa yana ɗauke da jini kimanin mililita 80. Watau yaro ɗan shekara shida mai nauyin kilo 20, duk jinin da ke gudana a jikinsa bai wuce lita ɗaya da rabi da 'yan kai ba, abin da zai cika ledar ruwan sha guda uku, irin wadda ake sayarwa a bakin titi. Babban mutum kuwa yana da wajen lita biyar, leda goma ke nan. Magidanci lafiyayye yakan je asibiti ya ba da jini kusan cikin leda ɗaya, ya sha shayi, ya tashi ya koma rumfarsa kamar ba a yi ba. Yaron nan in ya zubar da daidai wannan, ya rasa sulusin jininsa, yana bakin kabari. Harsashin da ya tsinka babbar jijiyar cinya kuwa yana iya fitar da wannan adadi cikin 'yan mintoci, kafin a gama gardamar wane caji ofis ne ya fi kusa.

Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne jikin yaro yana yaudarar masu kallo. Da jini ya fara zuba, sai jijiyoyinsa su matse, zuciyarsa ta ƙara sauri, awon jininsa ya tsaya daidai kamar na mai lafiya har ya rasa kusan sulusi. Ga shi idonsa biyu, yana kiran uwarsa, yana roƙon ruwa, mutane suna cewa alhamdu lillahi abin ya zo da sauƙi. Alhali kuwa alamun suna nan ga wanda ya san su: tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi, leɓe da cikin ido sun yi fari, numfashi ya koma sama-sama, ga ƙishirwa, ga gyangyaɗi. Sa'ad da awon jinin nan zai faɗi, gaba ɗaya yake faɗuwa, kuma a lokacin aikin likita ya ninka wuya. Sannan kayan cikin yaro a cushe suke wuri guda, hanta da saifa da ƙoda da hanji duk a ɗan fili kaɗan, haƙarƙarinsa kuma bai yi ƙwari ba balle ya tare wani abu. Ramin da ake gani a fata yana iya zama kamar ƙwayar gyaɗa, a ciki kuwa harsashi ɗaya ya ratsa gaɓoɓi uku. Akwai kuma sanyi, wanda mutane ba su cika kawo shi a rai ba a ƙasar zafi. Yaro yana saurin rasa ɗumin jiki, musamman in tufafinsa sun jiƙe da jini, jinin da ya yi sanyi kuwa ba ya daskarewa ya toshe rauni.

Duk da wannan, yaron da ya isa gaban likitan tiyata da ransa yana da babban rabo na tashi. Ba a rasa shaida ba. Amurka, ƙasar da bindiga ta yi wa katutu har a shekarar 2020 harbi ya zarce haɗarin mota ya zama abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19, ta tara lissafi mai yawa a kan wannan. Wani bincike da likitocin Jami'ar Yale suka buga a 2014 ya duba yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 20 da aka kwantar a asibitocin ƙasar saboda raunin bindiga a shekarar 2009. Su 7,391 ne, kusan 20 kowace rana ta Allah. Waɗanda suka rasu a asibiti 453 ne, watau kimanin 6 cikin 100. Sauran 94 sun fita da ransu, ko da yake da yawansu sun fita da tabo ko nakasa.

Sai dai a karanta wannan lissafi da hankali. Bai ƙidaya waɗanda suka cika a kan titi ko a cikin mota ba, waɗanda aka kwantar kaɗai ya ƙidaya. Ma'anarsa ita ce mafi yawan mutuwar tana aukuwa ne tsakanin ƙarar bindiga da ƙofar ɗakin tiyata, kuma duk abin da ya gajarta wannan tsakani ya ceci rai. Amurkawa sun gane haka tuntuni. Tun 1986 suka yi dokar da ta hana asibiti korar wanda ya zo cikin halin gaggawa don ba shi da kuɗi. A birnin Filadelfiya kuwa shekaru da dama ke nan 'yan sanda da kansu suke ɗaukar wanda aka harba su sa a bayan motarsu su sheƙa asibiti, ba su jiran motar marasa lafiya. Bincike yana biyo baya. A can ɗan sanda shi ne direban mai rauni, a nan kuwa an mai da sa hannunsa mabuɗin ƙofar asibiti.

Kada mai karatu ya ce ai wannan sai ƙasar masu arziki. A ranar 9 ga Oktoba, 2012, wani ɗan bindiga ya tare motar 'yan makaranta a Mingora, cikin kwarin Swat na ƙasar Pakistan, ya harbi Malala Yousafzai a ka, tana da shekara 15. Harbin kai shi ne mafi muni, shi ya fi kashe yara ko da an kai su asibiti. Aka fara kai ta asibitin garin, daga nan jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke ta zuwa asibitin soja na Peshawar, inda da ƙwaƙwalwarta ta fara kumbura likita ya cire wani ɓangare na ƙoƙon kanta don ta sami fili. Bayan kwana shida aka kai ta Birmingham ta Ingila, aka sallame ta a Janairun 2013, ta zo ta karɓi kyautar Nobel a 2014. Duniya takan tuna asibitin Ingila, amma aikin da ya riƙe ranta a Peshawar aka yi shi, cikin sa'o'in farko, a ƙasar da ba ta fi Nijeriya wani arziki ba. Gaskiya ne ta sami jirgi domin idon ƙasarta duk yana kanta, ɗan mai shayin Agege kuwa ba zai samu ba. Amma abin da jirgin ya saya mata lokaci ne, kuma lokacin nan shi ake zubarwa a banza a bakin kantar caji ofis.

To, daga ina takardar nan ta samo asali? Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, bindigogi suka bazu, fashi da makami ya yi ƙamari, musamman a Kudu. Gwamnatin soja ta kafa dokar fashi da makami a wannan shekara, aka riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin durom ana harbewa a bakin teku a Ikko, jama'a suna kallo. Tsofaffin mazauna Ikko ba su manta da Oyenusi ba, wanda aka harbe a 1971. A 1984, zamanin mulkin soja na Manjo Janar Muhammadu Buhari, aka sake fitar da dokar. A cikin wannan doka akwai sashen da ya ce duk mutum ko asibitin da ya karɓi wanda ake zaton yana da raunin harsashi, ko ya yi masa magani, wajibi ne ya sanar da 'yan sanda nan take. Wanda ya ƙi, in mutum ne ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, in asibiti ne tarar Naira 10,000 da rufewa. Manufar a fili take, a hana ɗan fashin da aka harba samun mafaka. Dokar cewa ta yi a yi magani a sanar. Ba ta ce a jira takarda ba.

Amma doka tana ofis, tsoro yana titi. Likitoci sun ga abokan aikinsu ana jan su zuwa caji ofis, ana tuhumarsu da haɗa baki da ɓarayi, ana rufe musu wurin neman abinci. Sai kowa ya zaɓi abin da zai tsirar da kansa, ya ce wa masu rauni su je su zo da ɗan sanda tukuna. Sannu a hankali dabarar kare kai ta zama al'ada, mai gadin ƙofar asibiti ma ya haddace ta, nas ɗin da ba a haifa ba a 1984 ta gaje ta. Adalci ne a faɗi cewa tsoron likitocin nan yana da tushe. Amma yaro ɗan shekara bakwai da harsashi ya tarar yana tallar ruwa, wane banki ya fasa? Al'adar ba ta da ido, ba ta bambanta ɗan fashi da ɗan makaranta, kuma ko ɗan fashin ne ma, kotu ke da hukuncinsa, matacce kuwa ba ya tona asirin abokan ta'asarsa.

An yi shekaru ana kuka. A Satumban 2009 aka harbi wani babban ɗan jarida na jaridar Guardian a gidansa a Ikko, jaridu suka ruwaito cewa asibitin farko da aka kai shi ya nemi takardar 'yan sanda, ya rasu. Aka yi ta surutu, ƙura ta lafa. A 2014 aka kafa Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda sashenta na 20 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya hana mutum taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu. Sannan a Disamban 2017 aka sa hannu a kan doka ta musamman ta tilasta jinyar waɗanda aka harba. Wanda ya sa hannun kuwa shi ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin da a zamaninsa na soja aka fitar da ta 1984, ya warware da farar hula ƙullin da aka yi da kaki.

Ya kamata kowane ɗan Arewa mazaunin Kudu ya san abin da ke cikin wannan doka kamar yadda ya san kuɗin motar garinsu. Kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, dole ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani nan da nan, da takardar 'yan sanda ko babu, kuma ba tare da an fara ajiye kuɗi ba. Asibitin ne zai sanar da caji ofis mafi kusa cikin sa'a biyu da fara magani, wannan nauyi ba ya kan iyayen yaro. 'Yan sanda ba su da ikon ɗauke mai rauni daga gadonsa don bincike sai babban likitan asibitin ya tabbatar ya sami sauƙi. Wanda ya taimaka ya kawo mai rauni, dokar ta ce a mutunta shi, kada a dame shi da tambayoyin wulakanci. Duk wanda kuma ya tsaya ya zuba ido, ko ɗan sanda ne ko ma'aikacin asibiti, har sakacinsa ya jawo mutuwa, yana fuskantar tarar Naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyar ko duka biyu.

A Oktoban 2023 sai da Sufeto-Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake fitar da umarni cewa a riƙa jinyar waɗanda aka harba ba tare da neman takarda ba. Umarnin ya yi kyau, amma shi kansa shaida ne. Dokar da sai an tunatar da ita bayan shekara shida, ba ta riga ta isa ƙofar asibiti ba.

Masu asibitocin kuɗi suna da nasu ƙorafin, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Sukan ce doka ta hana su neman kuɗi tun farko, to in an yi tiyata, an ƙara jini, an kashe iskar oksijin, mai rauni ya warke ya ce ba shi da ko kwabo, wa zai biya? Amsar tana wurin gwamnati. Dokar 2014 ta ware wani asusu na lafiya daga kuɗin shigar Tarayya, ta ce kashi 5 cikin 100 na asusun na jinyar gaggawa ne, kuma a 2022 aka ƙaddamar da shirin motocin gaggawa na ƙasa a Abuja domin wannan aiki. Muddin kuɗin nan ba su riƙa isa hannun asibitin da ya yi aiki a kan kari ba, mai asibiti zai ci gaba da neman hanyar zamewa, in ba takarda ba ya ce ba gado, in ba gado ba ya ce likita ya fita. Wasu kuma sukan ce ba su da likitan tiyata, kuma sau da yawa gaskiya suke faɗi. Amma babu ɗakin shan maganin da ya kasa danne rauni, ya ɗaura ƙarin ruwa, ya lulluɓe yaro, ya buga waya babban asibiti a shirya. Minti goma na wannan aiki yakan raba wanda zai isa da wanda zai cika a gosulo.

Baƙon Arewa kuwa tsoronsa ninki biyu ne. Sau da yawa ba ya jin Yarbanci ko Inyamuranci, Turancinsa na ciniki ne, wataƙila ba shi da katin shaida a aljihu, ga shi a zamanin da sunan 'yan bindiga ya ɓata wa duk mai doguwar riga suna. Bayan abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta zuwa gida Kano, ba a buƙatar dogon bayani kan dalilin da zai sa Bahaushe ya ji tsoron a gan shi ɗauke da mai raunin harsashi. Unguwannin nan kuma sun sha ganin ranakun da bindiga ke tashi: Shagamu da Ketu a 1999, Idi-Araba a 2002, kasuwar Mile 12 a 2016, Sabo ta Ife a 2017, kasuwar Shasha ta Badun a 2021. Ban da waɗannan akwai na yau da kullum, faɗan 'yan ƙungiyar asiri, da artabun 'yan acaɓa da jami'an gwamnati, da harbin iska a wurin biki ko jana'iza. Harsashin da aka harba sama sai ya sauko, kuma yaran talla da almajirai da masu tura baro su ne a fili.

Wannan tsoro shi ke tura mutane ga hanyoyi biyu, kowace ta fi 'yar'uwarta muni. Ta farko ita ce a ɓoye yaro a ɗaki a kira mai cire harsashi. Jama'a sun ɗauka harsashin da ke jiki shi ne ciwon, in an fitar da shi an gama. Ba haka abin yake ba. Harsashi ya riga ya yi ɓarnarsa a kan hanyarsa ta shiga, inda ya tsaya kuwa sau da yawa ba ya ƙara komai, har likitoci kan bar shi a jiki in ciro shi zai fi cutarwa, mutum ya tsufa da abinsa. Abin da ke kisa shi ne jijiyar da ke zuba a ciki, da huhun da jini ko iska ya danne, da hanjin da ya huje ƙazanta tana tsiyaya cikin ciki. Wanzami da mai ɗori suna da sana'arsu, ba a raina ta, amma babu aska ko tofi ko garin magani da zai ɗinke hanji. Yaron da hanjinsa ya huje yana iya kwana ɗaya kamar yana samun sauƙi, kashegari ciki ya kumbure ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe shi, a kai shi asibiti lokacin da aiki ya riga ya ɓaci. Ta biyu ita ce a sa shi a motar kaya a ce a kai shi gida. Daga Ikko zuwa Kano tafiyar wajen kilomita 1,000 ce. Mai lita ɗaya da rabi ba shi da guzurin wannan hanya.

Abin da ya kamata a yi a wurin ba shi da wuya, kuma ba ya bukatar ilmin boko. A sami tsumma mai tsabta, ko rawani ko ɗankwali, a danna a kan raunin da ƙarfi, a riƙe ba ɗagawa. In ya jiƙe a ɗora wani a kansa, kada a cire na farko don a leƙa. In raunin a hannu ne ko a ƙafa, jini kuma yana tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a sa ɗan itace a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure a gaya wa likita. Ban da waya ko siririyar igiya, kuma kada a riƙa kwancewa a hanya. In hanji ya fito a rufe shi da tsumma mai tsabta mai ɗan laima, kada a tura shi ciki. A lulluɓe yaron da zane ko bargo. Kada a zuba wa raunin toka ko ƙasa ko man birki. Kada kuma a ba shi ruwa ko abinci komai roƙonsa, ko da yake wannan shi ya fi yi wa uwa wuya, domin za a yi masa allurar barci, cikin da ke da abinci kuwa yana iya amayarwa ya shaƙe shi. Sannan a tafi da duk abin hawan da ya samu. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, a Jihar Legas akwai 767 kuma, wani ya buga yayin da wasu ke ɗauka.

Sanin inda za a nufa rabin aiki ne, kuma tun ana zaune lafiya ake yanke wannan shawara. Raunin ciki da ƙirji da kai na babban asibiti ne mai ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini dare da rana. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba yake, a tsakiyar unguwar Hausawa. Akwai na jiha a Ikeja, akwai Asibitin Ƙashi na Igbobi, a Badun akwai UCH da aka buɗe tun 1957, haka Binin da Inugu da Fatakwal kowanne yana da asibitin koyarwa. Yawo daga wannan ƙaramin asibiti zuwa wancan shi ke cinye sa'o'in da ba su dawowa. Akwai wata allura mai araha da ake kira tranexamic acid, mai taimaka wa jini daskarewa. An gwada ta a kan manya fiye da 20,000 a ƙasashe 40, har da Nijeriya, aka buga sakamakon a 2010, aka ga tana rage mutuwa. Amma amfaninta cikin sa'a uku na farko yake, mafi yawa a sa'ar farko, bayan nan kuwa tana iya zama cuta. Ko maganin ma ba ya jiran takarda.

Sai maganar jini, inda baƙunci ya fi ciwo. Al'adar yawancin asibitocin ƙasar nan ita ce a ce wa mai jinya ya kawo dangi su ba da jini. Ɗan gari zai aika gida cikin rabin sa'a a cika wuri. Yaron da kawunnansa ke Illela ko Ɗambatta ko Azare fa? Ranar 5 ga Yuni, 2022, da 'yan bindiga suka buɗe wuta a wani coci a Owo ta Jihar Ondo, suka kashe mutum wajen 40 har da yara, abin da likitocin garin suka fara roƙon jama'a shi ne jini. Haka abin yake a ko'ina, ƙwarewar likita ba ta zama jini. A unguwar da mahauta da 'yan dako da direbobi majiya ƙarfi suka cika, abin kunya ne yaro ya rasu don an rasa leda biyu. Camfin da ake yi cewa ba da jini yana rage ƙarfin namiji ba shi da tushe. Jiki yakan mayar da ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu, lafiyayyen namiji kuma yana iya bayarwa duk bayan wata uku.

Nan ne aikin sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa yake. Ƙungiyoyin 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari da 'yan acaɓa sun iya tara kuɗi cikin sa'a guda in za a kai gawa gida, kuma Allah ya saka musu. Rabin wannan himma ta isa ta hana a sami gawar. Kowane zango ya kamata ya san rukunin jinin mutum ashirin ko talatin daga cikin matasansa, da lambobin wayarsu a hannun sakatare. Ya kamata a sami mutum biyu ko uku masu jin harshen gari da Turanci, waɗanda aka sani a caji ofis, da za su bi mai rauni asibiti ko da tsakar dare ne, ɗaya ya tsaya da likita, ɗaya ya tari 'yan sanda. Ya kamata kwafin dokar 2017 ya kasance a fadar Sarkin Hausawa da ofishin kowace ƙungiya, a fassara ta da Hausa a karanta wa jama'a. Ziyarar ban girma da ake kai wa DPO in an kawo sabo, a riƙa kai irinta ga shugaban asibitin da ya fi kusa, a san juna tun babu jini a ƙasa. Ma'aikacin da ya ga mai rauni ya zo da mutanen da suka san sashen doka, da wuya ya ambaci takarda.

Akwai kuma bindigar cikin gida, wadda ba a son magana a kanta. Da yawa daga masu gadi da mafarauta suna ajiye bindigar toka a ɗakin da yara ke kwana, a ɗure, a jingine bayan ƙofa ko a ƙarƙashin katifa. Yaro ya san inda kome yake a ɗakin ubansa. Harbin irin wannan bindiga daga kusa yana da muni ƙwarai, domin tana watsa ƙarafa da tsumma da datti cikin nama, raunin ya yi ta ruɓa. Wanda sana'arsa ta sa ya riƙe bindiga, ya sauke ɗurinta kafin ya shiga da ita gida, ya raba ta da albarushi, ya sa mata makulli.

In Allah ya sa yaro ya fito daga ɗakin tiyata, saura jinya, kuma nan ma akan yi asarar abin da aka riga aka samu. Sai an tabbatar an yi masa allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora. Wani za a fitar masa da hanji ta gefen ciki na 'yan watanni kafin a mayar, iyaye su ga abin ya yi musu nauyi su gudu da shi gida kafin ranar aiki na biyu. Wanda harsashi ya karya wa ƙashi kusa da gaɓa yana bukatar a riƙa duba shi har ya gama girma, domin ƙafar tana iya gajarcewa. Wani kuma raunin ya warke sarai amma ya riƙa firgita cikin dare, ya koma fitsarin kwance, ya ƙi fita in ya ji ƙarar salansa, a ce aljanu ne alhali tsoro ne, kuma asibitocin koyarwa suna da likitocinsa. In dole ne a mai da yaro Arewa, a karɓi takardar sallama mai bayanin aikin da aka yi masa, da hotunan da aka ɗauka, a kai su hannun likita a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri cikin makon da aka isa.